Dattawa sun ce in tafi makarantar tauhidi, ni kuma zuciyata tana kan aikata Maganar

Ɗan_Alheri:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai abin da yake cin raina, ina neman shawarar manya. Dattawan ikilisiyarmu sun kira ni, sun ce za su ɗauki nauyin karatuna in na yarda na tafi makarantar tauhidi. Na yi musu godiya, amma ban ba su amsa ba tukuna. Abin da yake riƙe ni shi ne, mutanen da na fi ganin Almasihu a rayuwarsu ba masu digiri ba ne. Muna da wata tsohuwa da ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ita ce mai zuwa gaida marasa lafiya, ita ce mai sulhunta ma'aurata, ba ka taɓa jin gulmar wani a bakinta. Ga kuma waɗanda suka dawo daga karatu da manyan kalmomi, wa'azinsu ya koma lacca, addu'arsu ta yi sanyi. Yakubu 1:22 cewa ya yi mu zama masu aikata Maganar, ba masu ji kawai ba. To shekarun da zan yi a aji, ba gara in yi su ina aikata ɗan abin da na riga na sani ba? Ku faɗa mini gaskiya, ko da za ta yi ɗaci.

Wutar_Bishara:
Ɗan'uwa, ai ka riga ka amsa wa kanka. Buɗe Ayyukan Manzanni 4:13. 'Yan majalisa sun dubi Bitrus da Yahaya, sun ga talakawa ne marasa ilimi, amma ƙarfin halinsu ya ba su mamaki, suka gane cewa mutanen nan sun zauna tare da Yesu. Wace jami'a masuntan nan suka yi? Bulus da kansa ya ce ilimi yana kumbura mutum, ƙauna ce take ginawa. Ka sake yi wa dattawa godiya, ka ce su ba marayu da gwauraye kuɗin.

Maman_Tagwaye:
Amin. Mijin ƙanwata kafin ya tafi karatu har kuka yake yi a addu'a. Yanzu in ka ce masa Allah ya yi maka magana, sai ya tambaye ka a wace aya.

Gishiri_da_Haske:
Hhhh Mama, ai wannan tambayar tasa ba laifi ba ce. Da kowa yana yin ta, da an rage mana masu mafarki.

Ɗalibin_Tauhidi:
@Wutar_Bishara, da girmamawa, ayoyin biyu da ka kawo ba su tsaya a bayanka ba. Bitrus da Yahaya sun yi wajen shekara uku dare da rana a gaban Malamin malamai, yana koya musu a fili, yana kuma fassara musu misalai a keɓe. Bayan tashinsa ma Luka 24 ta ce ya bi da su daga Musa har annabawa yana buɗe musu Littattafai. In wannan ba makaranta ba ce, ban san mene ne makaranta ba. Abin da 'yan majalisa suke nufi shi ne ba su fito daga hannun malaman Attaura ba.

Bulus kuwa a gaban Gamaliyel ya yi karatu, shi ya faɗa a Ayyukan Manzanni 22:3, kuma wasiƙu 13 cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari sunansa suke ɗauke da shi. A Afisa ya yi shekara biyu yana koyarwa kowace rana a makarantar Tiranas. Ita kuma 1 Korantiyawa 8:1 da ka kawo, mai cewa ilimi yana kumbura mutum, je ka karanta surar gaba ɗaya. Maganar naman da aka miƙa wa gumaka ake yi, da masu ganin sun waye suna sa raunana tuntuɓe. Girman kai yake tsawata wa. Ba cewa ya yi a rufe littafi ba.

Wutar_Bishara:
Kun gani ko? Na kawo aya, an kawo mini lacca. Shi Bulus ɗin da kake taƙama da karatunsa, me ya ce a Filibiyawa 3:8? Duka ya ɗauke su hasara saboda sanin Almasihu. Da ilimin Gamaliyel ɗin ne ya tsaya ana jifan Istifanas.

Ɗalibin_Tauhidi:
Da shi kuma ya rubuta Romawa bayan ya tuba.

Tsohon_Fasto:
'Ya'yana, ku bi a hankali. @Ɗan_Alheri, ɗana, bari in fara da ayar da ka kawo, domin ina ganin ka ɗora ta a kan waɗanda ba su kaɗai aka rubuta wa ba. Lokacin da Yakubu ya yi wannan wasiƙa babu makarantar tauhidi ko ɗaya a cikin ikilisiya. Masu zama a sujada yake wa magana, talakawan masu bi. Ka duba laifuffukan da ya lissafa: ba sa kame harshensu, suna ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau su ce wa matalauci ya tsaya can, suna ce wa mai jin yunwa ya sauka lafiya ba tare da sun ba shi komai ba. Wanne daga cikin waɗannan ne yake bukatar digiri kafin mutum ya aikata shi?

Na yi shekaru ina kiwon ikilisiya, na ga masu ji ba aikatawa iri biyu. Akwai mai tara littattafai. Akwai kuma mai tara tarurruka, daga wannan taron farkawa zuwa wancan azumin, daga wancan zuwa addu'ar dare, amma shekara da shekaru ba ya magana da ɗan'uwansa saboda gado. Na biyun nan ya fi yawa nesa ba kusa ba, sai dai ba ma ganinsa domin yana da zafi a baki. Allah ya faɗa wa Ezekiyel a sura 33 cewa jama'a suna zuwa su zauna gabansa kamar masu sauraron mawaƙi mai daɗin murya, su ji maganarsa, ba za su aikata ba. Ba ɗalibai ba ne waɗannan.

Ayar da nake so ka riƙe ita ce Ezra 7:10. Ezra ya sa zuciyarsa ga nazarin shari'ar Ubangiji, da aikata ta, da koyar da ita. Ka lura da jerin. Tsohuwar da ka ambata, Allah ya sa mata albarka, tana aikatawa. Amma dattawa ba kiranka suka yi ka zama ita ba. Kiranka suka yi ka koyar, Yakubu 3:1 kuma ya ce masu koyarwa za su sha hukunci mafi tsanani.

Maman_Tagwaye:
Baba, maganarku ta mai tara tarurruka ta taɓa ni. Allah ya taimake mu.

Malamar_Lahadi:
Ni yara nake koyarwa, ban yi karatun tauhidi ba, kuma ina jin rashinsa. Wani yaro ɗan shekara goma ya tambaye ni, in Yesu Allah ne, wa yake yi wa addu'a a Getsamani? Na tsaya ina kallonsa. Ƙaunar da nake wa yaran nan ba ta ba ni amsa ba. In kun ce aikatawa kawai, to yaron nan zai girma wani ya ba shi amsa a waje, kuma ba lallai ta zama ta gaskiya ba.

Almajiri_Kawai:
Waliyyi Faransis na Asisi ya ce ku yi wa'azin bishara kullum, in ya zama dole ku yi amfani da kalmomi. Wannan ya isa.

Ɗalibin_Tauhidi:
Ɗan'uwa, wannan maganar tana yawo a Facebook, amma ba ta cikin rubuce-rubucen Faransis, kuma shi kansa mai wa'azi ne da baki, yana bi gari gari. Romawa 10:14 ma tambaya take yi, yaya za su ji in ba mai wa'azi?

Almajiri_Kawai:
Ko wa ya faɗa, gaskiya ce.

Mai_Jinya:
Bari in faɗi abin da nake gani a wurin aiki. Aikin jinya nake yi. Akwai wata mata mai ciwon daji da 'yan'uwanta masu bi suke zuwa yi mata addu'a, mutanen kirki, suna kwana a ƙasa domin ta. Amma suka dage cewa akwai zunubin da ta ɓoye, ko bangaskiyarta ce ta gaza, har suka fara matsa mata ta daina shan magani domin ta nuna ta dogara ga Allah. Matar nan tana fama da ciwo, tana kuma fama da tunanin Allah ya juya mata baya. Wani fasto mai zuwa ziyarar marasa lafiya ne ya zauna da su, ya buɗe Yahaya 9, inda almajirai suka tambaya wa ya yi zunubi aka haifi mutumin makaho, Yesu ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Ya nuna musu Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya a jiki ba a cire ba, ya bar Tarofimas a Militas da rashin lafiya, ya shawarci Timoti game da ciwon cikinsa. Ta rasu daga baya, amma da salama ta tafi. 'Yan'uwan nan "aikata Maganar" suke yi a ganinsu. Himma ba tare da sani ba, Romawa 10:2.

'Yar_Zumunta:
'Yar'uwa, ni kuma akasin haka na gani. Ranar da na rasa ɗana, mai ilimin cikinmu ya zo ya yi mini dogon bayani a kan ikon mallakar Allah da dalilin shan wuya. Ban riƙe kalma ɗaya ba, so nake kawai ya tashi. Matan zumunta ne suka zo suka share ɗaki, suka yi wanki, suka zauna da ni ba su ce komai ba. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi zaune a ƙasa shiru, sai da suka buɗe baki da tauhidinsu sannan abu ya lalace.

Tsohon_Fasto:
'Yata, Ubangiji ya ci gaba da ta'azantar da ke. Gaskiyarki, wanda ya zo miki da bayani a ranar bai san lokaci ba, Romawa 12:15 cewa ta yi mu yi kuka tare da masu kuka. Amma ki duba abin da Allah ya ce wa abokan Ayuba a 42:7. Ya yi fushi da su domin ba su faɗi abin da yake daidai game da shi ba. Koyarwarsu ce karkatacciya, irin wadda @Mai_Jinya ta ba da labari, wato duk mai shan wuya akwai abin da ya yi.

Gishiri_da_Haske:
Masu cewa karatu ba dole ba ne ga shugaba, ku tuna da dajin Shakahola a Kenya. A 2023 aka fara tono gawarwaki, sun wuce 400, da yara a ciki. An koya wa mutane su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu, suka kuma yi biyayya. Babu wanda zai ce mutanen nan masu ji ne kawai. Sun aikata, har da ransu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wutar_Bishara:
Tunda tarihi za a shiga, mu shiga. Jamus a zamanin Hitila ita ce cibiyar karatun tauhidi ta duniya, furofesoshi ko'ina. Me ya hana da yawansu goyon bayan 'yan Nazi? Har cibiya aka kafa a 1939 domin a goge asalin Yahudanci daga addinin Kirista, masu manyan digiri ne suka yi aikin. A Afirka ta Kudu fa? Malaman tauhidi ne suka ɗauko hasumiyar Babila a Farawa 11 suka ce Allah ne ya so a raba jinsi, aka ɗora wariyar launin fata a kai. Jahili yana ɓatar da ɗari, mai ilimi marar tsoron Allah yana ɓatar da ƙasa guda.

Gishiri_da_Haske:
Wannan kam ka bugo.

Ɗalibin_Tauhidi:
Ban musa ba, duka sun faru. Amma ka ƙarasa labarin. Su wa suka tsaya gabansu? A 1934 aka fitar da Furucin Barmen, wanda ya ce ikilisiya ba ta da wani Ubangiji sai Yesu Almasihu, Karl Barth ne ya rubuta mafi yawansa, furofesan tauhidi. Dietrich Bonhoeffer ya yi digirin digirgir yana ɗan shekara 21. Ya jagoranci makarantar horar da fastoci a Finkenwalde daga 1935 har 'yan sandan asiri suka rufe ta a 1937, inda ɗalibai suke zama tare, suna addu'a tare, kowace rana da lokacin yin bimbini shiru a kan nassi. An rataye shi ranar 9 ga Afrilu 1945. A Afirka ta Kudu ma Beyers Naudé fasto ne mai ilimi daga cikin ikilisiyar da take kare wariyar, nazarin Littafi ne ya juya shi, ya rasa matsayinsa a 1963. Maganin mummunan tauhidi shi ne kyakkyawan tauhidi a hannun wanda ya yarda ya biya tsadarsa.

Wutar_Bishara:
To ka ga, biyayya ce ta bambanta su ke nan, ba digiri ba. Dukansu suna da digiri.

Ɗalibin_Tauhidi:
Haka ne. Shi ya sa ban ce digiri ya isa ba. Kai ne ka ce a bar shi.

Kakan_Yara:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Ruwanda fa a 1994? Ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne, an yi musu baftisma, suna zuwa sujada, aka kashe wajen mutum 800,000 cikin kimanin kwana 100, wasu a cikin majami'u ma aka kashe su. Wannan laifin masu karatu ne ko na marasa karatu? Ni a ganina an yi masu zuwa coci, ba a yi almajirai ba. Umarnin Matiyu 28:20 shi ne a koya musu su kiyaye duk abin da ya umarta. Koyarwa da kiyayewa a jimla ɗaya suke, mu ne muka raba su.

Mai_Shakka:
Ni tambayata daban ce, kuma ina roƙo kada a zage ni. Na fara irin wannan karatun na bari. Abin da ya girgiza ni shi ne ranar da malami ya ce tsofaffin kwafe biyu na Littafi Mai Tsarki daga ƙarni na 4, Sinaitikus da Batikanus, Markus ya tsaya musu a 16:8, ayoyi 9 zuwa 20 babu su. Labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 8 ma haka, babu shi a mafi tsufan kwafe. Na koma ɗaki na kasa addu'a. @Ɗan_Alheri, ka shirya wa irin wannan kafin ka tafi.

Maman_Tagwaye:
Kai! Wannan ai shi ne abin da muke gudu. A tura yaro da bangaskiyarsa a dawo da shi da shakka.

Wutar_Bishara:
Maganar Allah ba ta bukatar gyaran wani furofesa.

Tsohon_Fasto:
@Mai_Shakka, ɗana, ba wanda zai zage ka a nan. Abin da malaminka ya faɗa gaskiya ne, ba kuma asiri ba ne, fassarori da yawa sun rubuta shi a ƙasan shafi ko sun sa ayoyin a cikin baka. Abin da ya kamata ya ƙara maka shi ne dalilin da ya sa muka san haka: kwafe na Sabon Alkawari da Helenanci sun wuce 5,000, ana gwada wannan da wancan, shi ya sa ake gane inda aka sami bambanci. Tashin Almasihu bai rataya a kan ƙarshen Markus ba. Markus 16:6 ta riga ta ce ya tashi, ga Matiyu, Luka, Yahaya da 1 Korantiyawa 15.

Mama, ku kuma ku yi tunani. In bai ji wannan a aji daga bakin malami mai bi ba, zai ji shi a intanet daga bakin mai neman rushe shi. Ni na fi so fasto ya sha wannan girgizar da wuri, a inda akwai masu riƙe shi. Matsalar ita ce makarantar da za ta girgiza ɗalibi ta bar shi ya koma ɗaki shi kaɗai.

Gishiri_da_Haske:
Ita Markus 16:18 ma, mai maganar ɗaukar macizai, akwai waɗanda suka "aikata" ta a Amurka, suna ɗaukar macizai a lokacin sujada. George Hensley, wanda ya yaɗa abin, saran maciji ne ya kashe shi a 1955.

Shugaban_Zaure:
'Yan'uwa, maganar tsofaffin kwafe a buɗe mata nata zancen daban. Ɗan_Alheri shawara ya nema. A kuma guji gatse.

'Yar_Zumunta:
To mu koma. Ni abin da yake ba ni mamaki, Luka 10 ta ajiye labari biyu kusa da juna. Na farko, masanin Attaura ya ba Yesu amsa daidai, Yesu ya ce ka amsa daidai, je ka yi haka. A misalin da Yesu ya ba shi kuma, na mutumin da 'yan fashi suka raunata, firist da Balawe, masu sanin Littafi, su ne suka ratse suka bar mutumin a kwance, Basamariye ya tsaya. Kana gama wannan sai ga Marta tana ta hidima, Maryamu tana zaune tana sauraro, Yesu ya ce Maryamu ce ta zaɓi rabo mai kyau. Mai sani aka ce masa tashi ka yi, mai yi aka nuna mata mai zama. Ina ganin kowa Ubangiji ya san inda yake ɓuya. Wani littafi ne maɓuyarsa, wani kuma hidima.

Malamar_Lahadi:
Wannan gaskiya ne. Mu mata musamman, hidima ta cinye mu har ba mu da lokacin buɗe Littafin. Alhali Bilkisu ce tare da mijinta Akila suka ja Afolos gefe suka ƙara fayyace masa tafarkin Allah, shi da yake gwanin magana, masanin Littattafai daga Iskandariya.

Almajiri_Kawai:
Waliyyi Antoni na Masar ya shiga majami'a ya ji ana karanta Matiyu 19:21, je ka sayar da abin da kake da shi ka ba matalauta. Ya fita ya sayar. Bai nemi sharhi ba. Mu kuwa da an karanta irin wannan ayar sai mai ilimi ya tashi ya yi mana bayanin dalilin da ya sa ba mu take nufi ba. Wannan shi ne babban aikin da nake ganin karatun yana yi, nemo wa mutum ƙofar fita.

Ɗalibin_Tauhidi:
Wannan zargin yana da nauyi, kuma ina ganinsa a tsakaninmu ɗalibai. Mutum zai rubuta shafi ashirin a kan gafara yana gaba da abokin ɗakinsa. Amma labarin Antoni ta hannun wa ya iso gare ka? Atanasiyas na Iskandariya ne ya rubuta tarihinsa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kare koyarwar Majalisar Nikiya ta 325, taron shugabannin ikilisiya da ya tabbatar cewa Yesu Allah ne, aka kore shi daga kujerarsa sau biyar. Ariyas da yake cewa Ɗan Allah halittarsa aka yi, ayoyi yake kawowa shi ma, Karin Magana 8:22 da Yahaya 14:28. Da kowa ya ce shi aikatawa kawai zai yi, da yau wani Yesu dabam muke bi. Bitrus masuncin da @Wutar_Bishara ya fara da shi, shi ne ya rubuta a 2 Bitrus 3:16 cewa akwai abubuwa masu wuyar fahimta a wasiƙun Bulus, waɗanda marasa ilimi da marasa kafuwa suke murɗewa su hallaka kansu.

Ƙaramin misali: ana manna Irmiya 29:11 a ko'ina kamar alkawarin arziki na gobe da safe. Aya ta 10 ta ce sai bayan shekara 70 a Babila. Yawancin waɗanda suka fara jin wasiƙar a bauta suka mutu. Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin komai ta wurin mai ƙarfafa ni, daga kurkuku aka rubuta ta, a kan iya zama da ƙoshi da yunwa. Lambobin surori ma sai a farkon ƙarni na 13 aka sa su, aikin Stephen Langton, na ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne a 1551. Manzanni ba aya aya suka rubuta ba, mu ne muke tsinka.

Kakan_Yara:
An ruwaito cewa babban malamin tauhidi Toma Akwinas, bayan tarin littattafan da ya rubuta, ya ajiye alƙalami a Disamba 1273, ya ce duk abin da ya rubuta kamar ƙaiƙayi ne in aka gwada da abin da aka nuna masa. Watanni kaɗan bayan haka ya rasu.

Gishiri_da_Haske:
Kaka, shi ya rubuta kafin ya kira shi ƙaiƙayi. Wasu namu ba su buɗe ba suke kiransa haka.

Ɗan_Alheri:
Na gode ƙwarai, na karanta duka. Baba @Tsohon_Fasto, maganarku cewa Yakubu ba ɗalibai yake wa magana ba ta tsaya mini a rai. Amma tsoron bai tafi ba. Yaya mutum zai yi karatun nan zuciyarsa ba ta daskare ba? Kun ga waɗanda suka tsira?

Tsohon_Fasto:
Na gani, da yawa. Abin da na lura da shi a wurinsu ba wani abin mamaki ba ne. Ba su bar ikilisiya ba a lokacin karatu, suna da wurin da suke hidima inda ba wanda ya damu da makinsu, kamar koyar da yara ko ziyarar kurkuku. Sun raba karatun jarrabawa da karatun da suke yi a gaban Allah, ba su bar na farko ya cinye na biyu ba. Suna kuma da wani babba da yake da ikon tambayarsu yadda suke zaune da matansu da yadda suke riƙe kuɗi. Kafin ka amsa wa dattawa, ka binciki makarantar. Malamanta suna hidima a ikilisiya, ko aji kawai suka sani? Ka nemi waɗanda suka gama can shekaru da suka wuce ka ga rayuwarsu.

Ka kuma san cewa sanyin zuciya ba a makaranta kaɗai ake kamuwa da shi ba. John Wesley, mai wa'azi na Ingila, ya yi jami'ar Oksfod, an naɗa shi fasto, yana azumi, yana ziyarar 'yan kurkuku, har ya ƙetare teku zuwa Amurka aikin bishara. Ga ilimi ga aiki, amma ba shi da tabbacin ceto. Sai ranar 24 ga Mayu 1738 a Landan, ana karanta gabatarwar da Martin Luta ya rubuta wa wasiƙar Romawa, ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi. Rubutun malamin tauhidi Ruhu ya yi amfani da shi a ranar.

Wutar_Bishara:
Baba, ina girmama ku, amma ni ban sauka ba. Ga manyan masu wa'azi: Spurgeon na Ingila bai yi makarantar tauhidi ba, Moody na Amurka ma haka, dubbai suka tuba ta wurinsu.

Ɗalibin_Tauhidi:
Spurgeon ya bar ɗakin karatu mai littattafai wajen 12,000, ya kuma kafa kwalejin horar da fastoci. Moody ya kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Shikago a 1886, har yau tana nan da sunansa.

Wutar_Bishara:
Sun kafa bayan wuta ta kama. Ba makarantar ce ta kunna ta ba.

Mai_Shakka:
Baba, na gode da amsarku. Da na sami mai zama da ni haka a lokacin, wataƙila da ban bari ba. Zan yi muku magana a keɓe in kun yarda.

Tsohon_Fasto:
Ƙofa a buɗe take, ɗana.

Maman_Tagwaye:
Ni dai @Ɗan_Alheri, in ka tafi, ka je ka yi sallama da tsohuwar nan tukuna ta sa maka albarka. In kuma ka dawo kana gyara mata addu'a, ni da kai ne.

Malamar_Lahadi:
Duk an yi ta tarihi, har yanzu ba wanda ya ba ni amsar da zan ba yaron nan ranar Lahadi. @Ɗalibin_Tauhidi, bismillah, amma da kalmomin da ɗan shekara goma zai gane.

Ɗalibin_Tauhidi:
Malama, wannan ya fi jarrabawa wuya. Ki fara da baftismar Yesu a Matiyu 3, inda Ɗan yake cikin ruwa, Ruhu yana saukowa, Uba yana magana daga sama. Allah ɗaya ne, amma Uba ba shi ne Ɗan ba, shi ya sa Ɗan yake magana da Ubansa. Ki guji misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, yana koyar da wani abu dabam. Ki ba ni zuwa gobe in rubuto miki sauran a sauƙaƙe.

Wutar_Bishara:
Ka turo shi nan cikin zaure, ni ma ina so in ga ko za ka iya ba tare da Helenanci ba.